Abin da zaman kaɗaici a filin mishan ya koya min

Tunda na gama wa'adina na dawo ake ta tambayata rayuka nawa aka samu, coci nawa aka dasa, ina hotunan baftisma. Har yau ban samu wanda ya ce min da wa kake hira in yamma ta yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan, dan ƙannenmu da ke shirin fita, da kuma iyayenmu da ke zama a kwamiti suna raba mutane a kan taswira.

A Chadi na yi aiki, yankin Gera, can cikin duwatsu, tafiya ce ta yini daga Njamena. Ƙasa ce mai yaruka sama da 100, Faransanci da Larabci ne na gwamnati, Larabcin Chadi ne ke haɗa mutane a hanya, sannan kowane ƙauye da nasa yaren. Mu biyu aka tura, kuma da wannan sharaɗin na yarda na tafi. Ba mu daɗe ba aka janye ɗan'uwan aka kai shi wani fili wai can an fi buƙata, aka ce in yi haƙuri wani na nan tafe. Har na tattaro kayana ban ga kowa ba.

Mutane kam suna nan cike, ana gaisawa, yara na bin ka duk inda ka sa ƙafa, amma ba wanda ya san ka. Kai da ka saba yin wa'azin awa guda ba ka duba takarda ba, ka koma kana haɗa magana kamar yaron da ke koyon baki, a ba da labari kowa ya kwashe da dariya kai kuma kana murmushin da ba ka san dalilinsa ba. Lahadi ta fi kowace rana wuya. A tashi daga sujada kowa ya bi iyalinsa, kai ka koma ɗaki ka ja ƙofa, ga zafin Afrilu, ga waya ba sabis sai ka hau wani tudu a bayan gari, in ma kiran ya shiga ba za ka iya faɗa wa mahaifiyarka gaskiya ba dan kar hankalinta ya tashi, sai dai ka ce lafiya lau Mama, aiki na tafiya, a ci gaba da addu'a.

Shugaban filinmu dattijo ne, ya sha wuyar aikin nan tun kafin a haife ni, wannan ba zan ƙwace masa ba. Duk wata uku muna cika fom na rahoto, akwai gurbin adadin waɗanda suka ji bishara, da na masu zuwa sujada, sai wani ɗan layi a ƙasa na buƙatun addu'a. A wannan layin na rubuta gaskiya, na ce barci ya ƙaurace min, addu'a ta yi min nauyi, ina roƙo a turo abokin aiki ko a bar ni in riƙa zuwa wajen 'yan'uwa a birni lokaci-lokaci. Ba amsa. Sai a taron ma'aikata na shekara, yana tsakiyar koyarwa, ya zaro takardar daga cikin jakarsa ya karanta ta a gaban kowa. Bai kama sunana ba, amma waye bai san wanda ke zaune shi kaɗai a wancan tasha ba? Ya ce wanda ke da Yesu ba ya kukan kaɗaici, ya jawo Luka 9:62 kan mai sa hannu ga garma yana waiwaye. Bayan an tashi na same shi na ce Baba, ai tsakanina da kai na rubuta. Ya dafa kafaɗata ya ce ɗana, na yi ne dan wasu su koya, je ka ƙara azumi. Abin da ya fi ci min rai shi ne wasiƙar da aka aika wa masu tallafa mana a wancan watan, ga hotona ina dariya, an rubuta aiki na bunƙasa a tashata, maganar da na yi ko kalma ɗaya ba a sa ba, ko da a ce a yi min addu'a ne.

Azumin na yi shi, kuma a cikinsa ne na koma Littafi Mai Tsarki da tambaya ɗaya, shin da gaske bangaskiyata ce ta gaza? Abin da na tarar ya bambanta da abin da aka faɗa a taro. Yesu biyu-biyu ya aiki almajiransa, yana nan a Markus 6:7 da Luka 10:1. A Antakiya Ruhu Mai Tsarki Barnaba da Shawulu ya ce a keɓe masa, tare. Wanda ya fi taɓa ni 2 Korintiyawa 2:12-13 ne, Bulus ya isa Taruwasa, Ubangiji ya buɗe masa ƙofar wa'azi, amma hankalinsa bai kwanta ba saboda bai samu Titus a can ba, ya yi musu sallama ya wuce Makidoniya. Ƙofa a buɗe fa, ya tafi neman ɗan'uwa. Da a taronmu ne ban san me za a ce masa ba. Iliya da ya roƙi mutuwa a jeji ba a yi masa faɗa ba, barci aka bar shi ya yi aka ba shi abinci, daga baya aka ba shi Elisha. Shi kansa Ubangijinmu a Getsamani mutum uku ya ja kusa ya ce su zauna a faɗake tare da shi.

Mu kuma in muna ba da tarihin manyan 'yan mishan rabi muke faɗa. Kowa ya san William Carey ya je Indiya a 1793 ya yi shekara bakwai kafin ya yi wa mutum na farko baftisma, amma ba a cika faɗin cewa ɗansu ya rasu a 1794 ba, matarsa Dorothy ta samu taɓin hankali ba ta warke ba har ta rasu a 1807. Adoniram Judson da ya gama fassara Littafi Mai Tsarki zuwa yaren ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a 1834, bayan rasuwar matarsa a 1826 da 'yarsa a 1827 ya janye daga mutane ya koma wata bukka a bakin daji, har kabari ya haƙa yana zama a gefensa. Da an koya mana wannan ɓangaren a makaranta da da yawanmu ba mu ɗauka mu kaɗai ne raunana ba.

Bangaskiyata ta girma a can, wannan gaskiya ne, amma ba ta hanyar da Baba ya zata ba. Na daina yi wa Allah addu'ar kan mumbari, na fara faɗa masa abin da ke raina yadda yake. Zabura 88 ta zama tawa, ita ce wadda ta ƙare a cikin duhu ba tare da wani juyi na murna ba, kuma duk da haka Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Da ƙarfi nake karanta ta dan kunnena ya ji yarena. Sannan akwai wani dattijon ikkilisiya, bai yi boko ba, shi ya lura ina ramewa. Bai tambaye ni komai ba, kawai kullum rana ta yi sanyi zai zo ya zauna a ƙofar ɗakina, ya gyara min Larabcina, wani lokacin mu yi shiru har duhu ya shiga, in zai tafi ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a da yarensu wanda ko rabi ba na ji. Ranar da maleriya ta kayar da ni maƙwabcina ne, Musulmi, ya goya ni a babur zuwa asibiti ya kwana a bakin gadon. Ta hannun waɗannan mutanen Allah ya riƙe ni, kuma ba su taɓa shiga fom ɗin rahoto ba saboda ba a yi musu gurbi ba.

Sauran shawarata ga masu shirin fita kaɗan ce. Ka ba yare shekararka ta farko, kar lissafin rahoto ya ruɗe ka. Duk alkawarin da aka yi maka kafin ka tashi ka roƙa a rubuta shi. Ka samu mutum ɗaya wanda ba ya cikin ƙungiyarku da za ka iya faɗa wa komai, kuma in rashin barci ya ja lokaci ka ga likita, ba zunubi ba ne.

Baba na yafe masa, ina kuma sake yafewa duk ranar da takardar nan ta faɗo min a rai, dan har yanzu tana faɗowa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wanda ya gaje ni ma shi kaɗai aka tura, yaro ne sabon fita daga makarantar Baibul. Kwamiti sun tambaye ni ko zan koma, na ce musu a shirye nake, ina son mutanen nan kuma yanzu ina jin yarensu, amma sai mu biyu, kuma a rubuce. Har yanzu ina jiran amsarsu.