Auren kiwi a sanyin Te Puke

Wallahi da na zo Niyu Zilan karatu ban taɓa zaton aikin da na taso ina ganin kawu yana yi wa mangwaro a lambunsa, wato aure, shi zai ciyar da ni a hutu ba. Watan Yuli ne, tsakiyar sanyinsu ke nan, na samu aiki a wata gonar 'ya'yan itacen kiwi kusa da garin Te Puke, lokacin itacen ya kaɗe ganye yana barci, don in aka bari ɗumi ya shigo sannan aka yanka to ruwa zai yi ta tsiyaya kamar famfon da ya lalace, auren ma ba lallai ya kama ba.

Sai a sare tsohon itacen da zarto ya rage kututture, a tsaga shi, a fiƙe ɗan reshen irin da ake so mai ido biyu kamar bakin gatari a soka, a naɗe da tef a shafe bakin ciwon. Ni kuwa ranar farko na dinga soka nawa a tsakiya cif ina ganin na burge, ashe shirme nake, dattijon da ke duba mu ya zare ɗaya ya kankare ɓawon da farce ya nuna min koren da ke ƙasa, ya ce wannan ne zai haɗu da ɗan'uwansa, a gefe ake sawa. Duk layin sai da na sake, ga yatsu sun ƙandare. Ƙananan dashe kuma yankan karkace ake musu da ɗan harshe, su sarƙe da juna.

Amma fa gindi ne magana. Yawancin gonakin nan a kan gindin wani irin kiwi mai suna Bruno suke, wanda ake shukawa daga ƙwaya, shi kansa ba a jiran 'ya'yansa tunda kiwi akwai namiji akwai mace, ba ka sanin wanda ka shuka sai ya yi fure. Inda ruwa ke kwanciya kuma wani gindin mai suna Bounty71 ake nema, ya fi jure laima.

A Nuwamban 2010 aka fara ganin cutar Psa a nan Te Puke, ta yi wa kiwi mai ruwan ɗorawa, Hort16A, kaca-kaca. Manoma da yawa ba su tumɓuke ba, suka sare sama suka aura sabon iri mai suna Gold3 a kan tsofaffin gindayen, saiwa na nan da ƙarfinta, ba sai an jira sabon dashe ya girma ba. Kututturen da na yi wa shirme ma akwai tabon tsohon aure a jikinsa, har hotonsa na tura wa kawu a WhatsApp.