Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Layin Kifi da Ba Kifi

A makon jiya na tsaya inda jirgin ƙasa ya sauke ni a Shrewsbury, wani tsohon garin kasuwa a Ingila kusa da iyakar Wales, na kama aikin kai saƙonni a kan keke. Satin farko na sha wuya. Kogin Severn ya naɗe tsakiyar garin, saura ɗan wuya ta arewa inda tashar jirgin take, ga lunguna kamar gidan tururuwa. Akwai lungun da sai na sauka na tura keken, kafaɗata na gugar bango.

Ran Asabar na ga allo an rubuta Fish Street, wato layin kifi. Da ma kwaɗayi na damuna, na bi shi tun daga farko har ƙarshe, ko ƙarnin kifi ban ji ba. Da na dawo na ba tsohuwar da nake haya a gidanta labari, ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce, “Ɗan nan, ai ka makara da shekaru ɗaruruwa.”

Ita ta koya mini karanta garin. Sunan layi sana'ar da aka yi a cikinsa ce: Butcher Row na mahauta, Milk Street na masu madara. Gidajen katakon nan masu baƙi da fari, waɗanda benensu ke leƙowa kan titi kamar za su rufto wa mutum, kuɗin ulu ne ya gina da yawansu. Fatake kan kawo yadin ulu daga Wales, attajiran garin su saya su sayar. A dandalin tsakiyar gari ta nuna mini tsohon zauren kasuwa na dutse da aka gina a 1596, ƙasa a buɗe ana cinikin hatsi, sama kuma na masu yadi. Yanzu silima ce a saman. Ni dai abin bai kwanta mini ba, amma gara haka da a rushe shi.

Tun daga ranar na rage kallon taswirar waya. In an ba ni saƙon Butcher Row, sai in tsaya ƙarƙashin benen nan in ɗaga kai. Haka na yi latti sau biyu, maigidana ya kira ni ofis. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.