TARIHIN RAYUWATA, Kashi Na 4: Littafin Rasit A Karar Mai'adua

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya inda aka miƙo min takardar ɗaukar aiki a ƙaramar hukumar Daura, ƙarshen 1979 kenan, lokacin babu jihar Katsina duk muna ƙarƙashin Kaduna, sai 1987 Babangida ya yankar mana tamu. Tsofaffi ma ba sa cewa ƙaramar hukuma, En'e suka sani, duk da tun gyaran 1976 aka sauya tsarin.

Na shigo daidai lokacin da Balarabe Musa ya hau gwamna ya soke haraji da jangali. Wallahi ni abin ya min daɗi har cikin raina, don ina yaro na ga mahaifina da idona ya kwance akuyar Inna ya ja ta kasuwa saboda mai unguwa ya zo sallama sau uku, Inna tana tsaye bakin turke ko uffan ba ta ce ba. To amma a ofis hankali ya tashi, tunda babbar hanyar kuɗi ce ta toshe, dole aka koma kan kasuwa da tasha da lasin, ni kuma sai aka tura ni sashen tara kuɗin shiga aka haɗa ni da wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin En'e, Baba nake ce masa, Allah ya jiƙansa.

Mai'adua lokacin tana ƙarƙashin Daura, kasuwarta Lahadi take ci har yau. Wanda bai taɓa shiga karar nan ba ba zai gane ba, shanu ne da raƙuma da tumaki ake korowa daga Nijar ta Kongolom, ga Buzaye ga mutanen Damagaram ga fataken da ke lodi zuwa kudu, ƙura kam kafin azahar gashin idonka ya yi fari. Baba ya damƙa min littafin rasit da kabon da biro da ƴar jakar fata, yace yaro kowane shafi da lambarsa, ko kuskure ka yi kar ka yaga, ja layi biyu ka bar shi a ciki, ran Litinin za mu kai wa kashiya kuɗi, odita kuma shafi-shafi yake bi. Naira ta shigo tun 1973 amma a kasuwa da sule da fam ake ciniki, kobo goma sule, naira biyu fam guda, ni ɗan boko sai na tsaya lissafi ana min dariya.

Mako na uku ne abin ya faru. Wani dillali ya sayar da shanu bakwai, ya jawo ni bayan gingimari yace malam rubuta huɗu kawai, ga na goro, ya cusa min fam guda a aljihu. Ba zan ɓoye maku ba, na karɓa. Albashin farko bai fito ba, takalmina ya tsinke, na faɗa wa kaina ai ba wanda ya gani.

Da la'asar sakaliya muna zaune gindin bedi muna haɗa kuɗi, Baba yana buɗa littafina a hankali yana lasar yatsa, sai ya tsaya a shafin nan. Ashe duk zaman da yake bakin wajen lodi yana jan carbi, ƙirga shanun da ke hawa mota yake. Yace ɗana, motar nan bakwai na ga ta ɗauka daga hannun mutumin nan, ina ukun suka shiga? Jikina ya ɗau ɓari, na durƙusa na zaro kuɗin nace Baba ka rufa min asiri. Bai ɗaga murya ba. Yace kai da ka ba ni labarin akuyar Innarka, an ɗauke wa talaka haraji, ɗan abin da ya rage a sayi alli a firamare da magani a disfensare shi ne wannan da ke cikin jakarka, tashi ka nemo shi tun kasuwa ba ta watse ba.

Na same shi wajen mai shayi cikin ƴan uwansa dillalai, na ajiye masa kuɗinsa kan benci nace Alhaji saura kuɗin shanu uku. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja tsaki, ya biya, na yanka masa rasit hannuna na rawa har kabon ya goce. Daga ranar sai da ya shekara bai amsa gaisuwata ba. Baba kuwa har ya yi ritaya bai taɓa tayar min da maganar ba, ko a ofis ba wanda ya ji, kuma shi ne ya sa hannu a takardata da za a tura ni kwas Kongo, makarantar horar da ma'aikata da ke Zariya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin canjin kuɗi na 1984, lokacin da Buhari ya rufe boda muka wayi gari karar Mai'adua ba kowa sai mu da littafinmu.