Gyaran tsohon gida a Birni: inda aka kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa abokan koyo. Ga inda aikin gyaran wani tsohon gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya tsaya. Gidan ƙasa ne na gado, zaure ɗaya da ɗakuna huɗu kewaye da tsakar gida. Masu shi suna so su zauna ciki da famfo, da wuta, da makewayi na zamani, ba tare da an rushe shi ba. An gama rufi da gindin bango, an ja wuta, makewayi yana rabi. Ado ba a taɓa shi ba tukuna, kuma da gangan ne: gidan ƙasa ta ka da ta ƙafa ruwa ke cinsa, don haka sai an kare waɗannan wurare biyu kafin a kashe ko dala a kan kwalliya.

Da rufi aka fara. Tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango azara ce ke ɗauke da rufinsu, wato giginya da aka tsaga. Gara ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka, ba ta haye mita 2 ba tare da tallafi ba. Shi ya sa magina na dauri suke yi wa ɗaki mai faɗi baka, wato lanƙwasasshen tallafi mai ɗaukar rufi, ko su jera azara hawa-hawa daga kusurwa. A nan mun tarar kaurin ƙasar rufi ya kai santimita 40, saboda kowace shekara sai a ɗora sabon yaɓe kan na bara ba a kankare ba. Ku yi lissafin da kanku: kowane santimita ɗaya na ƙasa ya kai wajen kilo 17 a murabba'in mita, ke nan azarar tana ɗauke da kusan kilo 700 inda rabin haka ya isa. Aka kankare zuwa santimita 20, aka karkata shi ya nufi indararo.

Azara ba a tsakiya take mutuwa ba, a bakinta da ke binne cikin bango take ruɓewa. Sai a tone bakin, a soka ƙusa; in ta shige da sauƙi, wannan ta gama aiki. A kafa tokara daga ƙasa tukuna, a cire ɗaya a mayar da sabuwa kafin a taɓa ta gaba. Indararo kuma mun sa masu fitowa santimita 60 daga bango, aka shimfiɗa duwatsu inda ruwan ke faɗowa. Gajeren indararo bangon da kansa yake wankewa, za ku ga rami ya bi ƙarƙashinsa har ƙasa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, siminti a jikin bangon ƙasa. Bangon gabas na gidan an taɓa yi masa filastar siminti, da kyakkyawar niyya, tunda hadarin damina daga gabas yake tasowa kuma wannan bangon ne ke shan duka. Da muka ƙwanƙwasa sai muka ji yana amsawa kamar ganga. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, zafin rana yana buɗa su ba daidai ba, sai filastar ta tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana narkar da tubali daga ciki, waje kuwa fes. Danshin da ke tasowa daga ƙasa ma haka: da yana fita ta fuskar bango, yanzu an toshe shi, sai ya hau sama da gishirinsa. Bayan an ɓare filastar, gindin bangon da ya kamata ya kai santimita 60 an cinye kusan kashi ɗaya cikin uku nasa. Don Allah, duk wanda aka ba aikin gidan ƙasa ya zauna da maigida ya yi masa wannan bayani tun kafin a sayo buhu ko ɗaya.

Cike gindin bango ba a yin shi da gaggawa. An raba tsawonsa gaɓa-gaɓa, kowace ba ta wuce mita 1 ba, a gyara ɗaya a tsallake ɗaya, don kada bangon ya rasa abin tsayawa. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a iske mai ƙarfi, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera tubali da kwaɓin ƙasa iri ɗaya da na asali. Cusa laka da hannu kawai ba ya yi, in ta bushe tsukewa take ta bar rata. Daga waje an yi dakali mai gangara don ruwan lungu ya nisanci gindin.

Yaɓen kuwa sai da aka gwada. Ƙasar kowane kududdufi da halinta, don haka an shafa faci uku a bango: ƙasa ɗaya rairayi ɗaya, ƙasa ɗaya rairayi biyu, ƙasa ɗaya rairayi uku, duk da yankakkiyar ciyawa a ciki. Wanda ya tsattsage laka ta yi masa yawa, wanda ke zubewa in an goga da tafin hannu rairayi ya yi masa yawa. A nan na biyun ne ya tsaya. Kwaɓin a bar shi ya kwana biyu ko uku ya ruɓa, kuma kowane hawa kada ya wuce santimita 2. Hawan ƙarshe da ruwan makuba aka kwaɓa shi, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa yaɓe ya jure ruwa alhali bangon yana ci gaba da fitar da danshi. Dattijon maginin da ke jagorantarmu, Allah ya ƙara masa lafiya, bai yarda a yi yaɓe da tsakar rana ba, domin bushewar gaggawa ita ke kawo tsaga. Zanen da ke goshin zaure an bar masa shi, ba hannun mai koyo ba ne.

Wuta ba ta ba da wahala ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, duk cikin bututun roba, ramin bai wuce zurfin santimita 4 ba kuma a tsaye, ba a kwance ba, don kada a yanke ƙarfin bangon. An sa abin yanke wuta mai miliamfiya 30 da sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wutar da ta ɓalle ta bi. Akwatin soket ba ya riƙuwa a ƙasa zalla, sai an binne guntun katako an ɗaure shi a kai.

Makewayi da wurin wanka ba a jingina su da tsohon bango ba. An tayar da su da bulo a kusurwar tsakar gida, da nasu tushe, aka bar ratar santimita 50 tsakani. Bututun masai mai milimita 100, gangararsa santimita 2 a kowace mita. In ta gaza haka ƙazanta na kwanciya, in ta yi yawa ruwa ya gudu ya bar ta. Babu bututun ruwa ko ɗaya da aka binne cikin ƙasar bango, duk a fili suke inda za a ga yoyo ranar da ya fara. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, tanki dole ne, amma lita 1,000 tan guda ce, ba a aza ta kan soro. An ƙera masa ƙafar ƙarfe a ƙasa.

Abin da ya tsayar da mu yanzu ramin masai ne. Birni kan dutse take, a wurin farko tono bai yi nisa ba aka ci karo da fa. Ana gwada wani wuri kusa da ƙofar baya, wanda ya ba bango tazarar mita 3. In an samu zurfin, za a haɗa bututu, a cika shi da ruwa ya kwana don a duba yoyo kafin a rufe. Sai tagogi biyu da za a huda a ɗakunan kwana, nesa da kusurwa da aƙalla mita 1, katakon samansu ya shiga bango santimita 30 kowane gefe. Muna so a kammala su kafin watan Yuni, ruwan farko ya tarar da yaɓe ya bushe.