Kudugu: jami'ar da aka gina da jar ƙasa

Daga Wagadugu zuwa Kudugu tafiyar kusan kilomita 100 ce, a yi yamma. Na shiga motar haya da sassafe cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Da gangan na zaɓi bazara, domin ginin da aka ce yana sanyaya kansa, da rana mai ƙuna ya kamata a je a gan shi.

Abin da ya kai ni shi ne Cibiyar Fasaha ta Burkina, wadda ake kira BIT, inda matasa ke karatun kwamfuta da injiniyanci. Francis Kéré ne ya zana ta, ɗan ƙauyen Gando da ya yi karatu a Jamus, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine. An kammala ginin a 2020.

Da isata na nufi bango na dafa shi. Jar ƙasar yankin ce aka kwaɓa da ɗan siminti, aka kafa mazubi a wurin, aka zuba kamar yadda ake zuba kankare. Kaurin bangon ke shanye zafin rana, ya hana shi kutsawa ciki. A baranda an jera sandunan itacen turare, suna tare rana, iska kuwa tana ratsa tsakaninsu. An bar kafofi a rufin, iska mai zafi ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo daga tsakar gidan da ɗakunan suka kewaye. Na zauna a wani ɗakin karatu bayan azahar. Mutum zai yi karatunsa hankali kwance, babu rurin janareta a kunne.

Ko ruwan damina ba a bari ya tafi a banza. Ana tara shi a wani babban tanki ƙarƙashin ƙasa, a shayar da gonar mangwaro da ke harabar. Dab da wurin akwai makarantar sakandare ta Schorge, ita ma aikin Kéré ce ta 2016, an gina ta da marmara.

Abin ya tsaya mini a rai, saboda masana'antar siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Amma a jami'o'inmu, da an samu kuɗin gina cibiyar bincike sai a tayar da bulo da gilashi, a wayi gari ɗakin ba ya zaunuwa sai da dizal. Gaskiya ne, akwai na'urorin gwaji da dole sai an sanyaya musu ɗaki. To, ofisoshi fa? Ɗakunan lacca da laburare fa?

Mu da muka gaji tubali da azara, muke da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, bai kamata sai mun je Kudugu za mu yarda da ƙasa ba. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar ma, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa a 2018, suka mayar da tsohon laburare. Ina so in ga ranar da wata jami'a a Kano ko Maraɗi za ta kira maginan gargajiya su zauna da injiniyoyinta tun kafin a haƙa harsashi.