Sa wa keke injin lantarki: inda araha take da amfani da inda take da haɗari

Mai son mayar da kekensa na lantarki ba tare da kashe kuɗi da yawa ba yakan fara duba ƙarfin injin, domin shi ne masu sayarwa suke rubutawa da manyan baƙaƙe. A ganina, wannan ne ya kamata a duba a ƙarshe. A Tarayyar Turai, injin keken da doka ta yarda a hau kamar keke na yau da kullum bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina taimakawa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, yayin da Amurka ta yarda har zuwa wat 750. Wat 250 ɗin ya isa ya kai mutum wurin aiki ba tare da ya yi sharkaf da gumi ba, in dai hanyar ba mai tsananin hawa ba ce.

Injinan iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗaurawa a wurin feda, irin Bafang BBS02 ko Tongsheng TSDZ2, wanda ke aiki da giyar keken, saboda haka ya fi iya hawan tudu, sai dai ya fi tsada kuma yana cin sarƙa. Akwai kuma wanda ke tsakiyar wili, kuma shi ne na mai neman sauƙi. Kafin a saye shi sai a ɗauki ma'auni a auna tazarar wurin da wilin ke shiga, wadda galibi milimita 100 ce a gaba, 135 a baya. Idan ƙafafun da ke riƙe da wilin gaba na alminiyam ne, gara a sa injin a baya, ko a ƙara ɗan ƙarfen nan da ke danne ƙarfen tsakiyar wili ya hana shi juyawa, domin alminiyam ba ya lanƙwasa ya ba da alama, tsagewa yake yi farat ɗaya.

Batir ne wurin da ba na yarda da rangwame, domin a nan ake ha'inci. Ana gane abin da yake ɗauka ta hanyar ninka lambobi biyun da ke jikinsa: mai 36V da 10Ah yana ɗauke da 360Wh, kuma wannan adadin ne ke nuna nisan da za a iya tafiya, ba alƙawarin da ke jikin kwali ba. A cikin irin wannan batir yawanci akwai ƙananan batura 40 da ake kira 18650, kowanne da nauyin kusan giram 45, wato su kaɗai sun kusa kilo biyu. Idan aka miƙo maka wanda aka rubuta wa 20Ah amma ka ji shi sakayau a hannu, to rubutun ƙarya ne. A tambayi mai sayarwa ko ƙananan baturan na Samsung ne, ko LG, ko Panasonic, kuma ko akwai allon kariya na BMS da ke yanke wuta idan caji ya cika. Wanda ya kasa ba da amsa, a bar masa kayansa, domin batirin litiyam mara inganci yana iya kamawa da wuta, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. Cajar ma dole ta zama wadda aka yi domin batirin.

Saura birki. Keke ya ƙara nauyi da gudu, don haka a sauya robobin birki in sun cinye, a kuma tabbatar kayan sun zo da hannun birki mai yanke wutar injin da zarar an matsa shi.