Wanda ya fara shugabantar EFCC ɗin Foland, shi ma ya kwana a gidan yari

Jiya da daddare muna teburin mai shayi a Wunti ana gardamar EFCC, sai wani yayanmu ya jefo labarin Mariyush Kaminski, wallahi har na dawo gida abin bai bar raina ba.

Shi ne shugaban farko na hukumar CBA da aka kafa a Foland a 2006 don farautar masu cin hanci, kamar dai Ribadu a nan. A 2007 yaransa suka ɗana wa ma'aikatar noma tarko, suka haɗa takardun bogi na wani fili, jami'insu ya fito a matsayin ɗan kasuwa zai ba da cin hanci a mayar da gonar filin gini, duk don a damƙe minista Lefa wanda kuma mataimakin firaminista ne. Magana ta fasu, ba a kama Lefa da ko sisi ba amma aka sallame shi, gwamnatin haɗakar ma ta watse.

Ni fa ina son a kama ɓarayi, an taɓa danne min fayil ɗin fili wata takwas a wani ofis sai da na ba da na goro, har yau abin na min ciwo. Amma hukuma da kanta ta buga takardar jabu? Wannan ya tsorata ni, don ranar da suka so ka da sharri haka za su haɗa maka.

Firaminista Tusk ya cire Kaminski a 2009, kotu ta yanke masa shekara 3 a 2015 kan wuce gona da iri a wancan tarkon, sai shugaban ƙasa Duda, wanda jam'iyyarsu ce ta tsayar da shi, ya yafe masa tun ba a gama ɗaukaka ƙara ba, har ya zama ministan cikin gida a 2019. Disambar 2023 aka sake yanke wa Kaminski shekara 2 kan wannan maganar dai, a Janairun 2024 'yan sanda suka shiga har fadar shugaban ƙasa suka ɗauko shi da mataimakinsa, ya shiga yajin cin abinci, bayan sati biyu Duda ya sake yafe masa, a watan Yuni aka zaɓe shi majalisar Turai.

Na ce yaya, to mara uba a gindin murhu da aka haɗa wa irin wannan tarkon fa, wa zai yafe masa? Shiru ya yi yana juya shayinsa.